Riƙon Ɗan Kishiya: Tarihin Microsoft da Masu Macintosh

Duk wanda ya taɓa aiki a ofis, ko ya kai aiki shagon buga takardu, ya san Word da Excel da PowerPoint, kuma yawancin mutane sun ɗauka tare da Windows suka zo duniya. Ba haka tarihin yake ba. Excel ta fara fitowa ne a kan Macintosh, kwamfutar kamfanin Apple, a watan Satumba na 1985, sai bayan shekara biyu ta isa Windows. PowerPoint ma a kan Macintosh ta fara, a 1987. Ita kanta Office, wato haɗa waɗannan manhajoji a kwali guda a sayar, masu Macintosh aka fara kai wa a 1989, masu Windows suka jira har 1990. Ke nan Microsoft ya shafe sama da shekara arba'in yana yi wa mutanen babban abokin hamayyarsa hidima. Abin ya yi kama da riƙon ɗan kishiya: wani lokaci a kula da shi har ya fi 'yan ɗaki gata, wani lokaci a bar shi da tsumma, wani lokaci kuma a yi amfani da shi a ja wa uwarsa kunne. Duka ukun sun faru, na ƙarshen ma har kotu ta tabbatar.

Alaƙar ta girmi Macintosh. Bill Gates da Paul Allen sun kafa Microsoft a 1975 a garin Albuquerque na Amurka, sana'arsu kuwa sayar da harshen BASIC, wanda ake rubuta wa ƙananan kwamfutoci umarni da shi. Apple ya biyo baya da shekara guda. Steve Wozniak, maƙerin Apple II, ya rubuta nasa BASIC ɗin, sai dai ba ya lissafi da adadi mai ɗigo, abin da ya rage masa amfani wurin 'yan kasuwa da masu kimiyya. Don haka a 1977 Apple ya karɓi lasisin na Microsoft na tsawon shekara takwas, aka raɗa masa suna Applesoft. Mai karatu ya riƙe wannan wa'adin a ransa, domin zai yi aiki nan gaba. A 1980 kuma Microsoft ya fitar da SoftCard, wani ɗan allon lantarki da ake soka wa Apple II a ciki don ta ɗauki manhajojin CP/M, ya kuwa zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗinsa a lokacin.

A 1981 kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa, babbar manhajar da ke tafiyar da ita kuwa MS-DOS ce ta Microsoft. Baƙin allo ne da rubutu zalla, sai mutum ya haddace umarni ya buga da hannu. A daidai lokacin Steve Jobs na Apple yana Cupertino, a Kalifoniya, da 'yan samarin injiniyoyinsa suna ƙera wani abu dabam: kwamfuta mai hotuna da tagogi da linzamin da ake turawa a kan tebur. Jobs ya san komai kyan na'ura, in babu manhajar yin aiki babu mai saye, domin Apple II ma albarkacin manhajar lissafi VisiCalc ta shiga ofisoshi. Sai ya buɗe wa Gates sirrinsa. A farkon 1982 suka sa hannu, aka kai wa Microsoft samfurin Macintosh tun ba ta fito ba, bisa sharaɗin ba zai fitar wa kowa manhaja mai aiki da linzami ba sai wani wa'adi ya cika. An lissafa wa'adin ne bisa ranar da ake sa ran fitowar Macintosh, ita kuwa ta makara.

A watan Oktoba na 1983, a taron ma'aikatan tallan Apple a Hawai, Gates ya hau dandamali ya yabi Macintosh, har ya ce yana sa ran rabin kuɗin shigar Microsoft na 1984 daga manhajojinta zai fito. Wata guda bayan haka ya tsaya a New York ya sanar da Windows. Jobs ya harzuƙa, ya sa aka kira shi Cupertino ya zarge shi da cin amana a gaban ma'aikata. Andy Hertzfeld, ɗaya daga cikin injiniyoyin Macintosh da ke ɗakin, ya ba da labarin amsar Gates: cewa ya yi su biyun maƙwabcinsu ɗaya ne, wani attajiri wai shi Xerox, shi ya haura gidan don ya ɗauke talabijin sai ya tarar Jobs ya riga shi. Maganar tana da tushe, domin a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto Jobs ya fara ganin tagogi da linzami a 1979.

Duk da wannan rigima aiki bai tsaya ba. Macintosh ta fito ranar 24 ga Janairu, 1984, a kan dala 2,495, manhajar lissafi Multiplan ta Microsoft na cikin 'yan tsirarun da aka fara samu a kanta. Word ta biyo baya a farkon 1985, sannan Excel.

Me ya sa Gates ya zuba ƙarfinsa a kan na'urar wani? A kasuwar MS-DOS, wadda take tasa, manhajojinsa na ofis a baya suke. Lotus 1-2-3 ta danne Multiplan, WordStar da WordPerfect sun riƙe masu rubutu. Excel ma da farko don kwamfutocin IBM aka soma rubuta ta, sai Gates ya juya akalar aikin zuwa Macintosh, inda Lotus bai kafu ba. Lotus ya gwada sa'arsa da wata manhaja mai suna Jazz, ta faɗi, Excel ta cinye kasuwar. Ribar da ta fi kuɗi ita ce ilimi. Shekaru injiniyoyin Microsoft suka yi suna koyon rubuta manhaja mai tagogi da linzami a kan Macintosh, saboda haka da Windows 3.0 ta fito a 1990 ta samu karɓuwa, Word da Excel a shirye suke, Lotus da WordPerfect kuwa a lokacin suka fara lalube. A ganina babu wani abu guda da ya gina daular Office kamar waɗannan shekaru na yi wa mutanen Apple aiki.

Shekarar 1985 ce ta fara nuna ɗaya fuskar al'amarin. Wa'adin Applesoft ya zo ƙarewa, ga shi Apple II ce ke ciyar da kamfanin Apple, domin cinikin Macintosh ya ja baya. Wani injiniyan Apple, Donn Denman, ya daɗe yana rubuta MacBASIC, waɗanda suka gwada ta kuma sun shaida ta fi ta Microsoft. Gates ya ce ba zai sabunta lasisin ba sai an binne ta. John Sculley, shugaban Apple na lokacin, ya amince, aka binne ta. Jobs ya bar kamfanin a watan Satumba. A watan Nuwamba, da Windows 1.0 ta fito Apple ya fara maganar kotu, sai aka tuna masa cewa Word da Excel a hannun Microsoft suke. Sculley ya sa hannu a wata gajeriyar yarjejeniya da ta bai wa Microsoft izinin amfani da wasu siffofin allon Macintosh, shi kuma Microsoft ya yi alkawarin inganta Word ta Macintosh da jinkirta kai Excel wani dandali har zuwa Oktoba na 1986. Jinkirin ƙasa da shekara guda Apple ya samu, abin da ya bayar kuwa ya bi shi har ƙarshen shari'ar da ya shigar daga baya.

A watan Maris na 1988 ne Apple ya maka Microsoft da Hewlett-Packard a kotu, yana cewa sabuwar Windows ta kwaikwayi kamanni da yanayin Macintosh. Ya lissafa abubuwa 189. Kotu ta ce 179 daga ciki takardar 1985 ta riga ta halatta su, yawancin sauran kuma ba irin abin da doka ke bai wa mutum ɗaya ba ne. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1994, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar a 1995. A tsawon waɗannan shekaru lauyoyi suna ta fafatawa, 'yan kasuwa kuma suna ta ciniki: ana tsakiyar shari'ar Office ta fito a kan Macintosh, haka ma Word 5.1 ta 1992, wadda tsofaffin masu Macintosh har yau suke yabo saboda sauƙinta da saurinta.

Abin da ya biyo bayan Word 5.1 shi ne mafi munin abin da Microsoft ya taɓa miƙa wa waɗannan mutane. Manyan kamfanin sun ga riƙe manhaja biyu, ɗaya ta Windows ɗaya ta Macintosh, asarar kuɗi ce, sai suka yanke shawarar a ɗauko ta Windows a ɗora wa Macintosh. Haka aka haifi Word 6.0 ta 1994. Ta zo da nauyi da nawa, tana cin ƙwaƙwalwar na'ura, maɓallanta da tagoginta duk na Windows ne. Mutumin da ya biya kuɗi mai yawa ya sayi Macintosh don yana son yadda take aiki, sai ga shi an shigo masa da abin da ya gudu dominsa. Mujallu suka yi ca, jama'a da dama suka ƙi barin 5.1. Ba da gangan aka yi don a cutar da Apple ba, ganin sauƙi ne da rainin hankalin mai saye, kuma ta wani fannin wannan ya fi ciwo.

Daga nan abubuwa suka dagule wa Apple. Windows 95 ta fito a watan Agusta na 1995, ta rage tazarar da ke tsakanin na'urorin biyu. Apple ya yi asarar dala miliyan 816 a shekarar kuɗi ta 1996, ya ƙara asarar sama da biliyan ɗaya a ta 1997. Shugabansa Gil Amelio ya sayi NeXT, kamfanin Jobs, a ƙarshen 1996, abin da ya dawo da Jobs gida. A watan Janairu na 1997 kuma Microsoft ya ware sashe na musamman don Macintosh kaɗai, ƙarƙashin Ben Waldman, aikinsu na farko shi ne wanke abin kunyar Word 6.

Sai an duba halin mai Macintosh a wancan lokacin za a gane girman abin da ke hannun Gates. Duniyar ofis ta riga ta koma musayar fayilolin Word da Excel. Ɗan jarida ko malamin jami'a ko mai zanen talla, in aka turo masa takarda daga kamfanin da ke amfani da Windows, dole ta buɗu a na'urarsa, in ba haka ba ya fita daga harkar. Ga shi Office 97 ta Windows ta zo da sabon tsarin fayil. Kashi 90 cikin ɗari na masu Macintosh da ke amfani da irin waɗannan manhajoji na ofis, ta Microsoft suke riƙe da ita. Da an wayi gari an ce babu sabuwar Office, da makarantu da kamfanoni sun daina sayen Macintosh, ko da kuwa babu abin da ya same ta.

Microsoft ya san da haka sarai. Wasiƙun cikin gida da suka fito a shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da shi sun nuna cewa a ƙarshen Yuni na 1997 Waldman ya rubuta wa Gates cewa barazanar soke Office ta Macintosh ita ce makami mafi ƙarfi da suke da shi a tattaunawa da Apple, domin za ta yi masa mummunar illa nan take. Adalci shi ne a faɗi cewa a cikin wannan wasiƙar Waldman roƙo yake a bar aikin ya fito, tunda ya kusa kammala. Gates kuwa ya shaida wa manyan ma'aikatansa cewa Apple ya ba su kunya da ya fifita Netscape a matsayin manhajar shiga intanet, kuma har ya kira Amelio ya tambaye shi yadda za a sanar da soke Office. A nan gizo ke saƙar: Microsoft yana yaƙi da Netscape, yana kuma son masu Macintosh su koma tasa manhajar, Internet Explorer.

An sauke Amelio a watan Yuli, Jobs ya karɓi tattaunawar, ya gama ta cikin 'yan makonni. Ranar 6 ga Agusta, 1997, a taron Macworld na Boston, ya karanta wa jama'a sharuɗɗan. Microsoft zai ci gaba da fitar da Office ta Macintosh har shekara biyar. Zai sayi hannun jarin Apple na dala miliyan 150, marar ƙuri'a, ya riƙe aƙalla shekara uku. Za a kashe rigingimun haƙƙin ƙirƙira da ke tsakani. Internet Explorer kuma za ta zama manhajar shiga intanet da Macintosh ke fara buɗewa. Da ya faɗi wannan na ƙarshe zauren ya ɗauki ihun ƙin amincewa, ihun ya ƙaru da fuskar Gates ta bayyana a wani ƙaton allo a bayan Jobs, yana magana ta tauraron ɗan'adam. Jobs ya ce musu lokaci ya yi da za a daina tunanin sai Microsoft ya faɗi Apple zai tashi. A ranar hannun jarin Apple ya tashi da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Har yau ana yawan cewa kuɗin Gates ne suka ceci Apple. Ban yarda ba. Apple yana da sama da dala biliyan ɗaya a ajiye a lokacin, kuma miliyan 150 ba za ta toshe asarar da ta haura biliyan a shekara ba. Alkawarin shekara biyar ɗin ne ya yi aiki, domin shi ya kwantar da hankalin mai shirin sayen na'ura da mai rubuta mata manhaja. Shi ma Microsoft ba sadaka ya yi ba. Office ta Macintosh tana kawo riba, ya samu abin da yake nema a kan Netscape, ya rabu da shari'o'i, kuma kamfanin da hukuma ke bincike kan danne kasuwa yana da buƙatar a ga abokin hamayyarsa a raye. Wannan ta ƙarshen ba ta fisshe shi ba. Gwamnati ta shigar da ƙara a watan Mayu na 1998, alƙali Thomas Penfield Jackson ya zayyana labarin barazanar a bincikensa na Nuwamba 1999, kotun ɗaukaka ƙara kuma, duk da ta soke umarninsa na raba Microsoft gida biyu a 2001, ta yarda cewa sharaɗin Internet Explorer da aka ɗora wa Apple ya saɓa wa dokar gasar kasuwa.

Ga masu Macintosh dai, shekarun da suka biyo baya na daɗi ne, kuma yabon na injiniyoyin sashen Waldman ne, waɗanda yawancinsu masoya Macintosh ne na gaske. Office 98 ta fito da fuska irin ta Macintosh, tana buɗe fayilolin Office 97 kai tsaye, sa ta a na'ura kuma jawo ta kawai ake daga faifai a ajiye, in wani ɓangarenta ya ɓata ta gyara kanta. Ta zo 'yan watanni kafin iMac, sabuwar kwamfutar Apple, suka taimaki juna. A 2000 aka fitar da Internet Explorer 5 ta Macintosh, mai injin Tasman da Tantek Çelik ya jagoranci rubutawa, wadda masu tsara shafukan intanet suka shaida ta fi takwararta ta Windows bin ƙa'idojin da duniya ta amince da su. Da Apple ya koma sabuwar babbar manhaja, Mac OS X, a 2001, Office ta bi shi kafin shekarar ta ƙare, a lokacin da wasu manyan kamfanoni ke jan ƙafa.

Da wa'adin shekara biyar ya cika kowa ya fara kama gabansa. Apple ya fitar da tasa manhajar shiga intanet, Safari, a Janairu 2003, Microsoft ya daina haɓaka Internet Explorer ta Macintosh a watan Yuni, ya kuma rabu da hannun jarin Apple da ya saya. A shekarar ce Apple ya koyi karatun ta ɗaya ɓangaren, ya kai iTunes kan Windows a watan Oktoba, abin da ya buɗe wa iPod babbar kasuwa. A 2006 Roz Ho, shugabar sashen Macintosh a lokacin, ta sanar da sabon alkawarin shekara biyar, amma gibin bai rufe ba. Office 2008 ta zo babu VBA, harshen da akantoci ke rubuta ƙananan umarni da shi a cikin Excel, sai ga jadawalan da kamfanoni suka dogara da su sun daina aiki a kan Macintosh har Office 2011 ta maido shi. Wani gibin ya fi daɗewa, kuma ya shafe mu kai tsaye: Word ta Macintosh ta yi shekara da shekaru ba ta iya rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu yadda ya kamata, alhali ta Windows ta daɗe da iyawa. Malamin Larabci, ko mai son buga ajami, in Macintosh gare shi dole ya nemi wata manhajar. Sai a zamanin Office 2016 aka gyara.

Zuwa lokacin duniyar ta juya. Darajar Apple a kasuwar hannun jari ta wuce ta Microsoft a watan Mayu na 2010, wayoyi da allunan hannu suka kwashe jama'a, Windows kuma ta kasa samun gurbi a cikinsu. Satya Nadella ya karɓi shugabancin Microsoft a Fabrairu 2014, kafin ƙarshen Maris ya sanar da Office ta iPad. Tunda kuɗin sun koma fitowa daga biyan wata-wata ko na shekara, kamfanin bai damu da irin na'urar da mutum ke riƙe da ita ba, muddin yana biya. Office 2016 ta riga isa Macintosh kafin Windows. A Janairu 2018 aka haɗa tushen manhajar wuri guda ga dukkan na'urori, wato burin da ya haifar da Word 6, amma wannan karon aka bar wa kowace na'ura fuskarta. Da Apple ya koma ƙera ƙwaƙwalwar kwamfutarsa ta M1 a ƙarshen 2020, cikin 'yan makonni Office ta dace da ita.

Duk da haka ikon ci gaba ko dakatarwa yana nan a Redmond, hedikwatar Microsoft, kamar yadda yake a 1985 da 1997. Manhajar adana bayanai Access, wadda ta fito a kan Windows tun 1992, ba a taɓa yi wa Macintosh irinta ba. Visual Studio ta Macintosh kuma, wadda masu rubuta manhaja suka yi shekaru suna aiki da ita, Microsoft ya rufe ta ranar 31 ga Agusta, 2024.